Baƙin keke mai feda wajen ɗinkin bargon ƙyallaye: inda ya iya da inda ya gaza

Keken da nake magana a kansa shi ne baƙin nan na ƙarfe mai tebur da feda, wanda ba ya ɓuya a shagunan teloli tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa. Kamfanoni da yawa ke ƙera shi, kowa da sunan da yake mannawa a jiki, amma ƙirar kusan ɗaya ce, kuma asalinta keken Singer samfurin 15 ne na ƙarshen ƙarni na 19. Amfanin wannan ga mai keke a Katsina shi ne allurarsa da kwarkwaronsa da ƙoshiyarsa da bel ɗinsa duk ana samunsu a babbar kasuwa, kuma da wuya ki kai shi wurin mai gyara ya ce bai san kansa ba.

Da shi nake haɗa bargon ƙyallaye, wato guntayen atamfa da aka yanka gida-gida aka haɗe, aka sa ciki da baya, aka bi da ɗinki har falle ukun suka zama abu ɗaya. Wanda ya taɓa kallon 'yan lifida da kyau a hawan Sallah ya san aikin, domin lifidi ma auduga ce tsakanin yadi biyu da aka danne da ɗinki. Hukuncina a kan keken shi ne ya dace da matar gida mai hidima da yawa, matuƙar za ta tsaya a bargon yara da na gado ƙarami. Babban bargo yana iyawa, amma da wahala.

Abin da ya fi ɗaga darajarsa a wurina shi ne a shirye yake kullum. Mai yara ba ta da yini guda na ɗinki. Abin da take samu minti ashirin ne bayan an tafi Islamiyya, ko ɗan tsakanin sauke tukunya da kiran magariba, kuma ba lallai a lokacin akwai wuta ba. Keken feda bai damu da wannan ba. Ki ɗaga kan keken daga cikin tebur, ki ɗora bel, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ƙararsa ma ba ta kai ta mai injin lantarki ba, jariri na barci a ɗaki ana iya yi a hankali. Ɗinki iri ɗaya kawai yake yi, miƙaƙƙe, ba ya zigizag ba ya ado, kuma bargon ƙyallaye miƙaƙƙen kawai yake buƙata daga farko har ƙarshe.

Girman da na ga ya fi dacewa da shi shi ne inci 40 a faɗi, 50 a tsawo. Gidaje 80 ke nan, takwas a kwance goma a tsaye, kowane gida a yanka shi inci 5 da rabi domin ya koma inci 5 bayan ɗinki. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da gida 48 in an yanka da tsari, don haka ragowar ɗinkin Sallah na gida ɗaya sau da yawa ya isa. Dalilin tsayawa a inci 40 kuwa, faɗin atamfa kusan inci 45 ne, falle ɗaya zai rufe bayan bargon da 'yar rara ta kowane gefe ba tare da an yi haɗi ba.

Wurin da yawancin masu farawa ke samun matsala shi ne rarar ɗinki, kuma a nan keken ba ya taimakawa ko kaɗan. Rarar bargon ƙyallaye kwata ɗin inci ce, ba ta canzawa. Farantin da ke ƙarƙashin allurar nawa ba shi da layin awo, kuma bakin ƙafar danne yadi da ta zo da shi bai yi daidai da kwata ba. Hannun da ya saba ɗinkin riga yakan bar rara mai faɗi ba tare da ya sani ba. Ƙarin da bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba yana cinye kwata guda a kowace mahaɗa, tunda gida biyu ake ci a lokaci ɗaya. Layi mai gida takwas yana da mahaɗa bakwai, ya rasa inci ɗaya da kwata uku ke nan. In wani layin an yi shi daidai, kusurwoyi ba za su taɓa haɗuwa ba, sai a yi ta jan yadi, bargo ya fito a karkace. Maganin mai sauƙi ne. A sauke allura a kan tef ɗin awo, a auna kwata zuwa dama, a manna salatif ninki uku ko huɗu a kan farantin ya zama ɗan tudu da bakin yadi zai riƙa bi. Ma'aunin da ake ɗorawa a kan yadi a yanka gida kuma kada a yi shi da kwali, almakashi na cin bakinsa a hankali har gida na hamsin ya fi na farko ƙanƙanta. Roba mai tauri ta fi.

Da zarar an daidaita wannan, haɗa gidaje a kan keken nan daɗi ne da shi. Ana jera su bibbiyu fuska da fuska, a riƙa tura su ƙarƙashin ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba a yanke zare ba, su fito a sarƙe, daga baya a raba. Zare bai lalace ba, kuma in aka kira ki daga kicin sai ki bar allura a cikin yadi ki tashi. Tsawon taku a nan kamar milimita 2, wato wajen taku 12 a inci ɗaya. Allura lamba 14 ta isa. Bayan kowane layi a goge rarar ta kwanta gefe ɗaya, layi na farko dama, na biyu hagu, domin in an zo haɗa layukan tudun ya shige cikin ɗan'uwansa maimakon ya hau kansa. Danna dutsen guga ake yi a ɗaga, ba a jansa, ja yana miƙar da yadi.

Maganar guga ta kawo maganar atamfar kanta. Mai arha da yawa a kasuwa yanzu akwai roba a cikinta. In aka haɗa ta da ta auduga zalla a bargo ɗaya, ranar wankin farko ta audugar za ta ɗan shige, mai robar ta tsaya yadda take, fuskar bargo ta tattare. Dutsen gawayi mai zafi kuma yana iya narkar da ita. A ƙona ɗan zare daga baki a gani: auduga toka take zama mai laushi, roba dunƙulewa take yi ta yi tauri. Duk ƙyallen da za a sa a wanke shi tukuna, musamman ja da shuɗi mai duhu, saboda zuba. Shadda tana santsi a ƙarƙashin ƙafa sai an wanke ta ta saki, leshi kuwa ba na wannan aikin ba ne.

Inda ake gane ƙarfin keken da kuma iyakarsa shi ne lokacin da falle uku suka hau kansa. Ƙarfin huda yana da shi. Da allura lamba 16 yana ratsa fuska da fayibar da aka sa a ciki da baya ba ya ko gezau, har a kan mahaɗar da rara ta taru. Matsalar ita ce haƙoransa na ƙasa ne kawai ke jan yadi. Fallen baya yana tafiya, ƙafa kuma na danne fallen sama tana tura shi gaba kaɗan-kaɗan, sai a ƙarshen layi a ga tattara a fuska ko a juya a ga baya ya ninke an ɗinke shi a haka. Akwai ƙafa ta musamman mai nata haƙoran da ke jan fallen sama, amma yawancin waɗanda ake sayarwa an yi su ne don keken zigizag mai faffaɗan haƙora, ba sa zama daidai a kan siraran haƙoran baƙin keke. Kada a saya sai an ɗaura an gwada. Ba tare da ita ba ma aikin na yiwuwa. A sassauta dunƙulen da ke saman kai wanda ke matse ƙafa, zagaye biyu ko uku, har bargo ya riƙa wucewa ba turjiya. A ƙara tsawon taku zuwa milimita 3. Abin da ya fi duka muhimmanci kuma tun kafin a zo keke ake yinsa: a shimfiɗa baya a ƙasa mai tsabta a miƙe shi sosai, a ɗora ciki, a ɗora fuska, a bi da allurar hannu da manyan taku, layi da layi tazarar tafin hannu, a tsaye da a kwance. Aiki ne mai cin rai kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Duk bargon da na gani da ninki a baya, a nan aka yi masa gaggawa. Ɗinkin keke kuma daga tsakiya ake fara shi a nufi baki, domin rarar yadi ta samu wurin fita.

Sai ƙuncin wuri. Tsakanin allura da wuyan keken bai fi inci 7 ba, kuma rabin bargo dole ya ratsa ta nan a naɗe. Na inci 40 yana wucewa lafiya. Na babban gado kuwa naɗin yana cika wurin, nauyinsa na jan allura gefe har ta lanƙwashe ko ta karye, ga ƙafafu na taka feda, ga hannu biyu na kokawa da kaya. Mai son babba ta raba shi kashi biyu ko uku, ta gama kowanne daban sannan ta haɗe, kuma ta jawo wani tebur ta hagu ya ɗauki nauyin.

Abin sawa a ciki ma yana canza yadda keken ke tafiya. Siririyar fayiba da ake sayarwa yadi-yadi ita ta fi sauƙi. Mai kauri tana tashi ta cika ƙarƙashin ƙafa. Tsohon zanen gado mai laushi ko siririn bargo da ya tsufa yana yi sosai, kuma don sanyin Disamba da Janairu na nan ya wadatar. Sakakkiyar auduga tana da ɗumi, amma in layukan ɗinki suka yi nisa da juna, wanki ɗaya zai tara ta dunƙule-dunƙule. Mai son ta sai ta matso da layuka kamar inci 2.

Rufin baki ba wuya. Tsiri biyar masu faɗin inci 2 da rabi, a yanka daga baki zuwa baki na atamfa, a haɗe, a ninke biyu a tsawo. Kewayen bargon inci 180 ne, biyar ɗin sun isa har da ragowa.

Ɓacin ran da keken ke jawowa kusan duk daga zare ne, kuma kusan duk ba lalacewa ba ce. In zare ya cukurkuɗe a ƙasan yadi, na sama ne bai shiga tsakanin faranta biyun da ke matse shi ba, galibi don an zura shi ƙafa na sauke. A ɗaga ƙafa a sake zurawa. In yana tsallake taku, ko allura ta dakushe ko an sa ta a juye. Allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya, ta wannan gefen zare ke shiga, a yawancin irin wannan kan daga hagu zuwa dama. In zare na tsinkewa da an fara taka feda, ƙafar tuƙi ce, wato mai juyawar nan ta gefen dama na kai, ta juya baya. A fara juya ta da hannu ta nufo ki, sannan ƙafafu su karɓa. Zare mai arha mai gashi-gashi yana ƙara duk waɗannan, kuma allurorin da suka zo a cikin aljihun nawa ban ga amfaninsu ba, sayen wasu ya fi.

Ƙurar hunturu da burbushin auduga su ne abokan gabansa. Bayan kowane bargo a kwance farantin allura a share tsakanin haƙora da tsohon buroshin haƙori, a ciro ƙoshiya a goge mazauninta, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya a nan da kowane ramin mai na saman kai. Man gyaɗa ko na girki yana daskarewa ya kama ƙarfe. Bayan sa mai a fara ɗinka tsumma kafin a ɗora bargo, don kada ya yi tabo. Bel ɗin fata yana saki bayan 'yan watanni, a yanke ɗan guntu, a huda, a mayar da ƙugiyar, amma kada a ɗame shi, taka feda zai yi nauyi.

Teburin shi ne rauninsa. Na yanzu da yawa katakon matse ne, ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura, sukurorin da ke riƙe da kai su fara girgiɗi. Kada a ɗora masa kofi, kada a jingina shi da bangon da ke jiƙa da damina. Wajen saye a duba ƙafafun ƙarfen, a taka feda ba bel a ji ko tana juyawa sumul, kuma a tafi da falle uku na gaske a ɗinka a gaban mai sayarwa. Gida mai ƙananan yara kuma, da an tashi a sauke bel daga babbar ƙafar a mayar da kai cikin tebur, domin yaro na ganin feda zai hau takawa, ɗan'uwansa kuma yatsa na kusa da allura.