Awa Shida Zuwa Abuja, Kwana Guda Zuwa Kano

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ce kada a fito taryata sai washegari, alhali an gaya maka jirgi awa shida yake yi. Gaskiya aka gaya maka, sai dai ba a ƙarasa maka lissafin ba.

Daga Heathrow a nan Landan zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe kimanin kilomita 4,800 ne, jirgin da ba ya yada zango yana cinye su cikin awa shida da 'yan mintoci. Faransa, Bahar Rum, sai hamadar Aljeriya da Nijar. Idan tafiyar dare ce ka leƙa taga, ko ƙyallin fitila ɗaya ba ka gani. Amma babu mai ɗauko ka daga nan ya dire ka kai tsaye a Malam Aminu Kano. Ko ka sauka Abuja ka zauna jiran jirgin cikin gida, ko ka bi ta Alkahira ko Adis Ababa. Ta Adis kuwa sai ka yi awa kusan takwas kana nausawa gabas, ka kwana a kan benci, sannan ka juyo yamma wasu awa huɗu da ɗoriya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Landan zuwa Paris. Kilomita 350 ne, kusan daidai da Kano zuwa Abuja a sama, kuma jirgi bai cika awa guda a iska ba. Duk da haka abokan aikina jirgin ƙasa suke hawa, Eurostar, wanda ke bi ta ƙarƙashin teku. Awa biyu da kwata ka tashi daga tsakiyar gari ka sauka a tsakiyar gari. Na gwada na sama sau ɗaya: zuwa filin jirgi, layin bincike, cire bel, jiran jaka, sai da na kashe awa biyar. Tun daga ranar na tuba.

Inda suka fi mu, kuma ba na jin kunyar faɗa, wajen jinkiri ne. Dokar Ingila ta ce idan jirgi ya makara da kai fiye da awa uku, laifin kuma na kamfani ne, sai an biya ka diyya. A doguwar tafiya irin tamu, jinkirin da ya haura awa huɗu fam 520 ne. Ka tuna ranar da muka wuni a filin jirgi, ana ta cewa "an kusa" a lasifika har aka kira isha?

Agogo kuma kada ya rikita ka. Yanzu da sanyi kuna gabanmu da awa ɗaya, kuma lokacin sauka da ke jikin tikitina na Najeriya ne. Idan na samu kujera a jirgin Kano zan bugo maka daga Abuja.