Robobin koyon lissafi da na saya wa 'yata: sun yi aiki, amma a ƙirga kafin a biya

'Yata tana aji huɗu na firamare, kuma tun da aka fara musu lissafin kaso, irin su ɗaya bisa biyu da biyu bisa huɗu, kullum sai an yi kuka a gidan nan. Ita dai ta kafe cewa 4/8 ya fi 1/2 yawa, tunda 4 ya fi 1, 8 kuma ya fi 2. Na ce ta ninka sama da ƙasa da lamba iri ɗaya, ta haddace, washegari ta manta. Na kawo misalin rabin mudu, ta ce ai mudu ba ya cikin littafinsu.

Shi ne na yi odar robobin nan masu zagaye kamar ƙaramin faifai, an yayyanka su, kowane kashi da launinsa. Gaskiya ban sa musu rai ba.

Ranar da suka iso na zube mata su a tabarma na shiga kicin. Can sai na ji ihu: "Umma, zo ki gani, daidai suke!" Ta jera 'yan koraye huɗu na 1/8 a kan ja guda na 1/2, sun rufe shi ruf, ko ɗan baki bai leƙo ba. Ta kwashe ta ɗora 1/4 guda biyu, nan ma haka. Babanta da ke gefe ya ce wannan ƙaramin ai shi ne sumuni, rabon matar mamaci idan ya bar 'ya'ya, biyunsa kuma rubu'i. Ta gwada, ta ga haka ne. Abin da na yi wata guda ina fama, ta gane kafin shinkafa ta nuna. A daren nan har na tura wa ƙawayena hoton.

To, sai da muka zo kan 1/6 na ga guda biyar ne a ledar. Yarinya ta yi ta juyi faifan ya ƙi cika, har ta fara cewa ko shida bisa shida bai kai ɗaya ba. Ka ji fa, kayan da na saya don su warware ruɗani. A hoton tallar kuma har 1/12 akwai, namu a 1/10 ya tsaya, ga aikin gida na neman 3/4 daidai yake da nawa bisa 12. Dole na samu kwalin sukari da almakashi na yanka mata guda goma sha biyu, ta jera tara ta samu amsa.

Lambobin jikinsu ma sati biyu suka fara gogewa, yanzu da alƙalamin maka nake sake rubutawa. Na yi wa mai kayan magana a WhatsApp sau uku, ya karanta, shiru. Sai jiya ya turo min tallar sabon kaya.