Ɗan Soja a Jamus: Makarantar Bariki ko ta Cikin Gari?

Iyalan sojojin Amurka da aka tura Jamus suna yawan tambaya: ina za a kai yaron da ya isa sakandare?

Makarantun barikin sojojin Amurka a Jamus sun samo asali ne a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka ba sojoji izinin kawo iyalansu. Ta Frankfurt ta yi aiki har 1995. Yau hukumar DoDEA, mai kula da makarantun 'ya'yan sojojin Amurka, ke tafiyar da irinsu a Ramstein, Wiesbaden da Stuttgart.

Kuɗi ba shi ne matsala ba: ɗan sojan da ya cancanta kyauta yake karatu a bariki, makarantar gwamnatin Jamus ma ba ta karɓar kuɗin makaranta.

Wajen sauƙi kuwa bariki ta yi zarra. Da Turanci ake koyarwa, manhajar ta Amurka ce, idan aka ɗaga uban bayan shekara uku yaro ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai dai abin da ke damuna, yana iya gama zamansa bai iya ko ciniki da Jamusanci ba.

Makarantar gari tana da haɗari. Ɗan shekara 16 da bai ji harshen ba zai sha wuya a Gymnasium, sakandaren Jamus mai shirya ɗalibai shiga jami'a, yana iya maimaita aji. Amma wanda ya jure ya ci jarrabawar Abitur ta kammala sakandare, ya samu harshe na har abada da ƙofar jami'o'in Jamus masu rahusa.

Wanda ya zo da girmansa, zamansa gajere, bariki ta fi dacewa da shi. Wanda ya zo da ƙuruciya, ko uwarsa Bajamushiya ce kuma iyalin za su daɗe, a kai shi ta gari.