Eriyar rauta: a tsaye ko a kwance?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce rautarka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, mai eriya biyu tana falo a gidanku na Aboabo, amma a ɗakin Hajiya da ke ƙuryar gida sandar sigina ɗaya ake samu a waya. Wani ya ce ka miƙe eriyoyin duka, wani ya ce ka kwantar da ɗaya. Duk su biyun sun faɗi gaskiya, sai dai kowa gidansa ya duba.

Eriyar nan ba tocila ba ce da za ka haska inda kake so. Ɗauki faifai ka soka tsinke a tsakiyarsa. Tsinken shi ne eriya, faifan kuma yadda sigina ke bazuwa ne. Ta gefe take fita, tsinin eriyar kuwa nan ta fi rauni. Wanda ya saita tsinin zuwa ɗakin da yake so, shi da kansa ya hana ɗakin.

In duka biyun suna tsaye, faifan a kwance yake, ya shimfiɗu ɗaki bayan ɗaki a hawa ɗaya. Wannan shi ya dace da irin gidajenmu na Zango, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida. In ka kwantar da ɗaya, faifanta ya miƙe tsaye ke nan, sigina ta nufi sama da ƙasa. Mai bene ke cin moriyar wannan, ko da yake simintin bene da rodin cikinsa suna cinye rabo mai tsoka, kada a sa rai da yawa. Akwai wata 'yar riba kuma: waya ba a riƙe ta hali ɗaya, wani a tsaye, wani a kishingiɗe yana kallon ƙwallo, to eriya ɗaya tsaye ɗaya kwance takan dace da kowanne. Amma tunda gidanku ba bene ba ne, ni dai tsaye zan bar su.

Gaskiya ma, ina zargin matsalarka ba eriya ba ce, mazaunin rautar ne. Tawa a Asawase ta yi watanni a kan firji, bayan labule, ina ta juya eriya kamar mai neman tashar rediyo. Ranar da na buga ƙusa na rataye ta sama kusa da ƙofar da ke kallon tsakar gida, yara suka daina tsayuwa bakin taga da waya. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye ta, don haka nisanta ta daga firji, kwanon rufi da tankin ruwa.

Duba kuma wanne wayar Hajiya ke kai cikin nau'in Wi-Fi biyu da rauta kan bayar, 5 GHz ko 2.4 GHz. 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu na bulo sun ishe shi. 2.4 GHz ya fi ratsa bango, sai dai cunkoso, kowane maƙwabci yana kansa. Sa wayarta a 2.4, a saitin rautar kuma ka gwada tasha ta 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Sai abu guda da ba ka faɗa ba: rautar taka mai layin waya ce, ta MTN ko Telecel? A wasu rautocin 4G, eriyoyin waje na kamo sabis daga turken kamfani ne, na Wi-Fi suna ciki. In irin wannan ce, bar su tsaye ka matso da ita kusa da taga.

Ka sauke manhajar auna Wi-Fi, ka tsaya a ɗakin Hajiya. Za ta nuna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm: -50 ya yi kyau sosai, -67 zai ɗauki kiran bidiyo, -80 kuwa wahala ce. Canza abu ɗaya, ka sake aunawa, sannan ka turo mana lambar.