Kafin ka sayi na'urar gano ƙarfe, bincika faifan wa take karɓa

Duk wanda ya tashi sayen na'urar gano ƙarfe, ko don neman zinariya ko don tsofaffin kuɗi da kayan tarihi, zurfin da take kaiwa yake fara tambaya. Ba laifi. Amma akwai tambayar da mai sayarwa ba ya cika tayar da ita: ranar da za a canza faifai, ko hedifon, ko batir, na wane kamfani na'urar za ta karɓa? Amsar nan ce za ta nuna abin da za ka ci gaba da kashewa bayan saye, da kuma ko za ka iya daidaita na'urar da irin ƙasar da kake aiki a kanta.

Maganar kusan duka a kan faifai take, wato abin nan da ke ƙarshen sanda, mai naɗaɗɗiyar waya a ciki. Babban faifai yana kai wa ga manyan abubuwa masu zurfi, sai dai yana tsallake ƙananan ƙwayoyin zinariya, ga nauyi da ke kashe kafaɗa kafin yini ya raba. Ƙarami kuwa yana shiga tsakanin duwatsu da saiwoyi, yana kuma rarrabe abu mai daraja daga ƙusa da murfin kwalba idan suna kusa da juna. Naɗin wayar ma ya bambanta. Nau'in DD, mai naɗi biyu masu siffar harafin D, ya fi natsuwa a jar ƙasa mai yawan sinadarin ƙarfe, mono mai naɗi ɗaya kuma ya fi ji amma ƙasar na sa shi surutu. Faifai ɗaya ba ya wadatar da mai aiki da gaske, shi ya sa wasu kamfanoni suka mayar da ƙera faifai sana'arsu: Coiltek da Nugget Finder a Ostareliya, Detech a Bulgeriya, NEL da Mars a Yukren.

Ta fuskar karɓar faifai, na'urori sun kasu rukuni-rukuni. Rukuni na farko su ne na'urorin da ƙofarsu ke buɗe, wato masu karɓar faifan wasu kamfanoni. Jerin SD da GP da GPX na kamfanin Minelab, har zuwa GPX 5000 da ta fito a 2010, fulogi iri ɗaya suke da shi kuma babu makulli a ciki, don haka faifan da ake ƙera musu sun yi yawa, manya da ƙanana, zagayayyu da masu tsawo. Haka na'urorin Garrett irin Ace da AT Pro. Wanda ke riƙe da irin waɗannan yana da zaɓi, gasa tsakanin maƙera kuma tana amfanarsa. Sai dai a kula, shigar fulogi cikin rami ba ta nufin dacewa. Ana naɗa kowane faifai ne daidai da mitar na'urarsa, wato saurin kaɗawar siginar da take watsawa, wanda ake aunawa da kilohaz: Ace 250 tana aiki a kilohaz 6.5, AT Pro a kilohaz 15. Sunan ainihin samfurin na'urarka ya kamata ka gani a jikin kwalin faifan, sunan kamfani kawai bai isa ba.

Rukuni na biyu shi ne inda gardamar take. A na'urori irin CTX 3030, da GPZ 7000 ta 2015, da Equinox, da GPX 6000 ta 2021, Minelab ya sa ɗan cip, wato ƙaramin guntun lantarki na tantancewa, a cikin faifan ko fulogin wayarsa. Da an kunna, na'urar za ta nemi cip ɗin, in ba ta same shi ba sai ta ƙi aiki. Kamfanin na da hujjar da ba za a watsar ba. An cika kasuwannin masu haƙar zinariya, musamman a Afirka, da jabun na'urorinsa, kuma na'ura mai watsa mita da yawa a lokaci guda tana buƙatar faifan da aka auna sosai. In faifan ya yi rashin kyau, sunan na'urar ne ke ɓaci. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kulle ƙofa sannan a bar mai saye shekaru ba zaɓi. Masu GPZ 7000 sun daɗe da faifai mai inci 14 da mai inci 19 kawai, suna ta roƙon ƙarami. Daga baya ne aka ba Nugget Finder izini ya fitar da Z-Search mai inci 12, aka ba Coiltek izinin ƙera wa Equinox, sannan su biyun suka ƙera wa GPX 6000. Irin wannan faifai mai izini shi ne zaɓin da na fi natsuwa da shi a wannan rukuni: cip ɗinsa na gaskiya ne, garantinka kuma yana nan. Illarsa ita ce girman da aka amince a ƙera kaɗai za ka samu. Ko a gida ɗaya ma akwai katanga, domin faifan Equinox ba ya aiki a Manticore, wata na'urar Minelab ɗin.

Jiran da aka yi ne ya haifar da hanya ta uku, ta adafta. Faifan X-Coils da aka ƙera a Rasha don GPZ 7000 ba su da cip, saboda haka sai mutum ya yanke wayar faifansa na asali kusa da fulogi, inda cip ɗin yake, ya yi wa guntun sabon mahaɗi da dalma, ya riƙa jona baƙon faifan ta nan. Ka duba abin da kyau: wayoyi sirara masu launi daban-daban, kowacce da ƙafar da za ta hau, kuma kuskuren guda ɗaya na iya ƙona allon na'ura mai tsada. Waɗanda suka yi nasara sun yaba da sakamakon, musamman a kan ƙananan zinariya. Ni dai ba zan ba mai sabuwar na'ura wannan shawara ba. Sai wanda garantinsa ya ƙare, yana da ƙwararren mai gyaran lantarki, kuma zai iya jure asara in ta zo. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi amfani da kayan wani, amma ba ta tilasta masa gyara ɓarnar da kayan suka jawo ba, balle wadda aka yi da almakashi.

XP na Faransa ya bi wata hanya daban. A na'urarsa Deus, kayan lantarkin da batir suna cikin faifan kansa, yana aika saƙo ba tare da waya ba. Na'urar ba ta da nauyi kuma babu wayar da za ta tsinke, amma faifan XP za ka ci gaba da saye. Ka shiga da saninka.

Hedifon marar waya ma fili ne na kulle-kulle. Garrett na da Z-Lynk, XP da Nokta kowa da nasa tsarin, kuma ba sa jin yaren juna. Dalilin gaske shi ne jinkirin sauti: Bluetooth na yau da kullum yana makara, sai ƙarar ta iso kunnenka bayan faifan ya wuce abin, ka haƙa gefe. Equinox 600 da 800 suna karɓar kowane hedifon mai aptX Low Latency, wani nau'in Bluetooth wanda jinkirinsa bai wuce kimanin kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa ba, amma kada ka ɗauka sababbin samfura ma haka suke, duba littafin na'urar. Mafita mai sauƙi ita ce ramin hedifon mai waya, na milimita 3.5 ko 6.35. Muddin yana nan, za ka iya jona kowane hedifon ko ɗan akwatin watsa sauti na kowane kamfani. A na'urar shiga ruwa ne kawai ake buƙatar fulogi na musamman mai roba.

Batir yana son taka-tsantsan. Ƙarfin wutar dole ya yi daidai, kuma batirin litiyom marar kariya a ciki na iya kumbura ko kama wuta. A GPX 5000 ramin hedifon da abin ƙara sauti duk a jikin batirin suke, don haka wanda ya sayi na wani kamfani ya tabbatar yana da su. Sauran kaya kuwa, murfin faifai, sandar kabon mai sauƙin nauyi, madaurin hannu, jaka, ƙaramar na'urar tantance wuri a cikin rami, saya daga duk wanda ya ƙera mai kyau, babu ruwan na'ura da su. Murfin dai a riƙa cire shi ana wanke yashin da ke maƙalewa a ƙarƙashinsa, domin yana sa ƙarar ƙarya.

In kana zaɓe tsakanin na'urori biyu masu kusan ƙarfi ɗaya, ƙirga faifan da kowacce ke da su a kasuwa yau, kada ka lissafa waɗanda aka yi alkawarin fitarwa. Idan faifan wani kamfani ne, nemi shaidar izini a shafin maƙerinsa da lambar da ke jikinsa. Ranar da ya iso, binne ƙaramin ƙarfe a zurfin da ka auna, ka bi ta kansa da tsohon faifai da sabon a saiti ɗaya, sannan ka ɗan buga gefen sabon da hannu ka girgiza wayarsa. In ya yi ƙara daga bugun kawai, mayar da shi tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.