Hattara da masu tallar sulallan Rumawa a Facebook

Jama'a, a yi hattara. Akwai wasu da ke yawo da hotunan tsoffin sulallan Daular Rum a Facebook da WhatsApp, wai manomi ne ya tono su a gonarsa a Bulgeriya, ka saya bana, baɗi kuɗinka ya ninka. Ƙanena da ke aiki a Italiya ya faɗa hannunsu. Albashin sati biyu ya tura, aka aiko masa guda biyar wai na azurfa, har da wata takarda mai hatimi.

Da ya zo hutu muka kai wa wani maƙerin azurfa. Mutumin bai ko ɗora su a sikeli ba, gefe kawai ya juya. Ga wani siririn layi ya zagaye bakin sulen kamar ɗinki, ga ƙananan ramuka a kumatun sarkin da ke jikin sulen. Ya ce zubi ne. Rumawa kuwa bugawa suke yi da guduma, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba a samun biyu da suka yi daidai ta ko'ina. Na ƙanena guda biyu hatta tsagar da ke gefensu iri ɗaya ce.

Abin da 'yan damfarar nan ke sayarwa shi ne kalmar "shekara dubu biyu". Alhali tsufa ba shi ke sa tsada ba a wannan kasuwa. Kwabban tagulla na zamanin Sarki Kustantin, ƙarni na 4, an buga su ba adadi, na gaske ma 'yan Yuro kaɗan ake sayar da su.

Labarin da suke ruɗar mutane da shi gaskiya ne, amma rabinsa suke faɗa. A Oktoban 2020 an yi gwanjon wani sulen zinariya a Landan, wanda Burutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shugaban Rum Juliyas Kaisar, ya buga don tunawa da kisan, ya haura fam miliyan 3. Ba sa ƙarasawa cewa a 2023 an kama dillalin a New York saboda tarihin mallakar da ya haɗa masa na ƙarya ne, aka mayar wa ƙasar Girka da sulen. In takarda ta ruɗi masu miliyoyi, ina ga wadda aka turo maka a ambulan?

In har sai ka saya, nemi hoton gefe, nemi nauyi da giram, nemi yarjejeniyar mayar da kuɗi a rubuce. Ƙanena da ya kira lambar waɗanda suka sayar masa, a kashe take har yau.