The Raid ko John Wick? Ɗauki The Raid, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, tunda saiti ɗaya za ka saya tsakanin The Raid guda biyun da John Wick guda huɗun, kuma faɗan kake bi, ɗauki The Raid ka huta. Duka biyun suna kan kantata yanzu haka. Kwalin ɗaya ya tsage don yawan buɗewa har sai da na liƙe shi da salatif, ɗayan kuwa ƙura ce ta samu wurin kwana a kansa.

Ranar da na fara saka The Raid na farkon, na 2011, ƙanena yana nan. Yaron ya ɗan taɓa karate shekara biyu, tun daga nan ya naɗa kansa alƙalin duk wani fim ɗin faɗa. Wannan naushin bai taɓa shi ba, wancan igiya ce ta ɗaga shi, wannan wani ne aka sa wa rigar jarumin. Ba a kallo da shi a ji daɗi. Fim ya fara, Rama, jarumin fim ɗin, ya yi sallarsa, ya motsa jiki, ya yi sallama da matarsa mai ciki, ya bi 'yan sanda kimanin ashirin zuwa wani tsohon bene a Jakarta wanda wani ƙasurgumi mai suna Tama ya mayar maɓoyar 'yan daba da masu ƙwaya. Ƙanena na latsa waya. Aka yi ta ɓarin wuta, aka fasa daɓen ɗaki da gatari aka dira hawan ƙasa, aka cusa tukunyar gas cikin firiji aka mayar da shi bam, duk bai ɗago ba. Sai da aka zo siririn lungun nan inda Rama ke tallafe da abokinsa Bowo da ya ji rauni, ba komai a hannunsa sai kulki da wuƙa, mutane na ɓullowa ta ƙofofi kamar tururuwa. Nan wayar ta zame ta faɗi. Faɗan na ƙarewa ya ce, "Yaya, mayar baya." Na mayar. Ya karɓe rimot ya mayar da kansa har sau uku, yana tsayar da hoto yana matsowa kusa da talabijin, wai sai ya gano inda aka yi masa wayo. A ƙarshe ya koma ya zauna, bai sake cewa uffan ba har fim ya ƙare. Ban taɓa ganin fim ya rufe wa yaron nan baki ba sai ranar.

Abin da ya kasa kamawa shi ne yankan ha'inci. Yawancin fina-finan faɗa na Amurka a shekarun nan, da jarumi ya ɗaga hannu sai a yanke hoto, a nuna maka bayan wani, a girgiza kyamara, ƙarar naushin ce kawai ke gaya maka an yi duka. Ka tuna Liam Neeson a Taken 3, haura shinge kawai zai yi amma an yanka hoton fiye da sau goma. Gareth Evans, daraktan The Raid, ba ya buƙatar wannan dabara domin mutanensa sun iya abin da gaske. Shi mutumin Wels ne, aikin wani fim na tarihin silat, wato salon faɗan gargajiya na Indonesiya, ya kai shi ƙasar, a can ya haɗu da Iko Uwais, wanda daga baya ya fito a Rama, yana tuƙi a wani kamfanin sadarwa, yana kuma silat tun yana yaro. Iko da Yayan Ruhian ne suka tsara faɗan da kansu, Evans kuma ya ɗauke shi tun a wurin atisaye da ƙaramar kyamara, ya san inda zai tsaya da inda zai yanka kafin a je wurin ɗauka, kuma shi ya tace fim ɗin da hannunsa. Yana yanka hoto, ba a ce ba ya yi ba, amma sai dukan ya sauka ka gan shi tukuna. Kuɗin fim ɗin duka bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba.

Faɗan da na fi ƙauna a na farkon kuwa babu ma jarumin a ciki. In ba ka son a ɓata maka labari, tsallake wannan da na gabansa. Mad Dog, ƙaramin bos, wanda Yayan ya fito a matsayinsa, ya ritsa Sajan Jaka da bindiga. Harbi ɗaya ya gama magana. Sai ya shiga da shi ɗaki, ya ajiye bindigar gefe, ya murza yatsunsa, don shi da hannu yake jin daɗin kisa. Yayan gajere ne, a lokacin ya haura shekara arba'in. Joe Taslim da ya fito a Jaka kuwa dogo ne, matashi, kuma ya yi shekaru yana wakiltar Indonesiya a gasar judo. Kana ganin bambancin a jikinsu: Jaka na neman ya kama ya ɗaga ya maka da ƙasa, Mad Dog na shigewa ƙarƙashinsa da gwiwa da gwiwar hannu, yana sarar ƙafa. Ko wane ne ya kalla zai ɗauka na kirkin ne zai tashi, haka aka saba mana. Bai tashi ba. Daga wannan lokacin ba ka ƙara amincewa cewa akwai wanda fim ɗin zai tausaya wa, shi ya sa duk faɗan da ya biyo baya zuciyarka na dukan uku-uku.

Sai na ƙarshe, biyu a kan ɗaya. Mad Dog ya rataye Andi, yayan Rama, da sarƙa yana jibga. Rama ya shigo, gogan naka ya sassauta sarƙar da kansa, ya bari aka kwance shi, ya tsaya tsakaninsu. Ka lura, bos ne shi kaɗai, na kirkin ne su biyu, kuma duk da haka su kake ji wa tsoro. An yi kare jini biri jini har numfashinsu ya fi kiɗan ƙara. Aka soka masa fasasshen ƙwan lantarki, irin dogon nan, a wuya, maimakon ya faɗi sai ya ƙara haukacewa. Lokacin da aka gama da shi, ni da nake kan kujera na gaji.

Na biyun, na 2014, ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Ya kai awa biyu da rabi, akwai dogon zance na manyan 'yan daba da ɗan da ke son gadon ubansa tun yana raye, wani wurin har hamma za ka yi. Kuma za ka ga Yayan ya dawo da dogon gashi da adda, kada ka ruɗe, wani mutum ne daban mai suna Prakoso, Mad Dog bai tashi daga kabari ba. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Akwai faɗan banɗakin kurkuku, akwai na cikin taɓo a filin gidan yari, akwai Julie Estelle da gudumominta biyu a jirgin ƙasa, akwai tseren mota inda Rama ke dambe da mutum huɗu a cikin mota tana gudu. A wannan tseren, don kyamara ta shiga ta taga ɗaya ta fita ta ɗaya, sai da aka yi wa wani mai ɗaukar hoto shigar kujerar mota ya zauna a ciki yana jiran a miƙo masa.

Sannan kicin. Iko da Cecep Arif Rahman, wanda malamin silat ne tun kafin ya san fim. Ma'aikata suka fice, su biyun suka tsaya suna jan ƙafa a hankali, kowa na auna ɗan'uwansa, kar ta san kar. Aka fara da hannu, Cecep yana murmushi. Da ya ga abin ya fi ƙarfin wasa sai murmushin ya ɓace, ya zaro karambit biyu, 'yan lanƙwasassun wuƙaƙen nan masu kama da farcen damisa. Farin ɗaki ya koma ja. Abin da ke kama ni shi ne yadda saurinsu ke raguwa da gaskiya: kowane yanka yana rage wa mutum wani abu, ƙafar da aka sara ba ta ƙara taka ƙasa daidai. Na kalli wannan wurin ya fi sau ashirin, har yau ina runtse ido a wuri guda.

John Wick kuwa, na farkon na 2014 ne ya ruɗe ni na sayi saitin duka, kuma da na tsaya a kansa da ban yi da-na-sani ba. Zan ba su haƙƙinsu: daraktan, Chad Stahelski, wanda shi ke yi wa Keanu Reeves (mai fitowa a John Wick) wuraren haɗari a The Matrix, yana buɗe kyamara ka ga jiki duka, harsashi na ƙarewa a sake lodi, kuma jifan wuƙaƙe na cikin na ukun da dukan da aka yi wa ƙaton nan Boban Marjanović da littafi a laburare sun ba ni dariya da daɗi. Iyakarta ke nan. Tun da aka ɗinka wa John Wick kwat mai sulke a na biyun tsoro ya fita daga fim ɗin. A harbe shi ya ja kwala ya rufe fuska, ya faɗo daga saman bene ya rayu, mota ta banke shi a Faris ya karkaɗe riga, ya gangaro daga matattakala sama da 200 ya miƙe ya sake hawa. Na huɗun minti 169 ne na mutumin da ka san ko kwarzane ba zai hana shi ba. Kuma in kana son hujja daga bakinsu, duba na ukun, na 2019. Yayan da Cecep ɗin nan dai aka ɗauko su yi faɗa da Keanu. Suka kayar da shi, suka miƙa masa hannu ya tashi. A labarin girmamawa ce, ni dai abin da idona ya gani mutum biyu ne suna rage gudu don babban baƙo ya kamo su.

In bindiga da fitilu masu launi da kiɗa kake so, ko kuwa jini na tayar maka da zuciya, to John Wick ya fi sauƙin haɗiya. The Raid ba na kallo da yara ba ne, ko kusa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don ni an taɓa yi mini. Wani ya miƙo mini faifai da kwali mai kyau, hoton Iko jina-jina, an rubuta The Raid 3 ɓaro-ɓaro. Na kai gida na saka, ashe Headshot ne na 2016. Evans guda biyu ya yi, babu na uku. Duk wanda ya nuna maka na uku, ko dai Headshot ne, ko Merantau na 2009, ko The Night Comes for Us na 2018 aka sauya wa riga. Ba munanan fina-finai ba ne, amma a sayar maka da su da sunansu. Wata dabarar kuma, a ƙirga maka The Raid da The Raid: Redemption a matsayin fim biyu. Abu ɗaya ne, a Amurka aka ƙara masa wannan kalmar, aka kuma sa kiɗan Mike Shinoda da Joseph Trapanese a madadin na asalin. Haka Berandal, sunan na biyun ne.

Ka guji faifan da aka cusa wa fim shida ko takwas, ko filash da aka matse. The Raid fim ne mai duhu da saurin motsi, da an matse shi sai faɗan ya koma dabbare-dabbare, kuma wurin da ka saya dominsa shi ke fara lalacewa. Kada ka yarda a gwada maka farkon fim inda kowa ke zaune, ka ce a kai maka tsakiyar faɗan lungun. Duba tsawonsa ma: na farko wajen minti 101, na biyu wajen 150. In DVD ne na tsarin PAL za ka ga ya ragu da minti huɗu zuwa shida saboda hoton na ɗan ƙara gudu, wannan ba komai. In ya ragu fiye da haka, an yi masa aski, kuma ba surutun ake askewa ba. Ka nemi mai harshen Indonesiya da rubutun fassara a ƙasa, wanda aka ɗora wa muryar Turanci yana mayar da Mad Dog abin dariya. In Blu-ray ne ka duba harafin shiyya, A ko B ko C, ya dace da na'urarka, kar ka kai gida ta ƙi karɓa.

Ka fara da na farkon, da dare, ka ƙara murya. Rimot ɗin kuma ka riƙe shi da kanka.